RFID a Kano: sana'a ce za ta kafu, ko saro da sayarwa kawai?

Alhaji Nafi'u: Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan maganar RFID, wato fasahar gane kaya ta hanyar rediyo, ta yi yawa a bakin matasa masu yawo da kwamfuta a Kantin Kwari, kowa cewa yake a liƙa wa kaya sitika a ƙirga sito guda cikin minti goma. Tambaya biyu gare ni. Abin nan yana aiki a kan irin kayanmu, ko sai a shagunan Turai masu riguna rataye a jere? In kuma yana aiki, akwai abin da Kano za ta ƙera a cikinsa, ko shi ma saro shi za a yi daga Sin a ɗora riba kamar caja?

Injiniya Sagir: Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara raba abin gida uku bisa zangon rediyon da kowanne yake aiki a kai, don yawancin asarar da ake tafkawa daga kiran su da suna ɗaya take farawa.

Akwai na ƙasa, kilohaz 125 da 134.2. Shi ne a katin buɗe ƙofa na da, da ɗan kunnen shanu. Karatunsa daga 'yan santimita ne zuwa abin da bai kai taku biyu ba, ɗaya bayan ɗaya, amma jiƙa da jikin dabba ba sa damun sa. Akwai na tsakiya, megahaz 13.56, shi ne a katin ATM da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura ba, da fasfo, da NFC na waya. Wannan sai an kusanto da shi kamar faɗin tafin hannu. Na ukun shi ne UHF, tsakanin megahaz 860 da 960, kuma shi ne matasan nan suke nufi. Yana karantuwa daga nisan mita uku zuwa takwas, wani lokaci fiye, ɗaruruwa a lokaci guda, ko da kayan suna cikin kwali.

Duka ukun, irin na yau da kullum ba su da batir. Rida, wato na'urar karantawa, ita ce take watsa ƙarfi, eriyar tag, wato alamar da aka sa wa kayan, ta kama, ƙwayar cip ta farka ta mayar da lambarta. Don haka duk abin da ya tare wannan ƙarfin ko ya shanye shi ya kashe karatu. Ga UHF abokan gaba biyu ne, ƙarfe da ruwa.

Malam Auwalu: Kafin a kai ga ƙarfe da ruwa, Injiniya, a faɗa musu maganar zango, don a nan mutane suke fara faɗawa rami tun wajen oda. Rida ta UHF iri biyu ake sayarwa: ta Amurka mai aiki a 902 zuwa 928, da ta Turai mai 865 zuwa 868. Najeriya a rabon zangon rediyo na duniya tana yanki ɗaya da Turai. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci: wayoyin GSM suna aika magana zuwa ga sandar sabis a 890 zuwa 915. Wato wanda ya kunna rida ta Amurka a tsakiyar Kwari yana tsalle ne a cikin hanyar kamfanonin waya, daga 902 zuwa 915. Shi zai ga karatu yana yankewa bai san dalili ba, su kuma yana sa musu hayaniya. Masu sayarwa a intanet in ba a faɗa musu ba, sau da yawa ta Amurka suke turowa. A rubuta musu ƙarara cewa ta 865 zuwa 868 ake so, a kuma tambayi ko hukumar sadarwa ta NCC ta amince da samfurin, don duk na'urar da ke watsa rediyo hurumin hukumar ne.

Injiniya Sagir: Haka ne. In ƙara: sitika ta takarda yawanci an yi ta ne ta ɗauki duka zangon, ba matsala. Amma tag mai tauri na liƙa wa ƙarfe, irin na silinda ko janareta, zangonsa siriri ne, ana yin na Turai daban na Amurka daban. Wanda ya haɗa rida ta Turai da tag na Amurka zai ga nisan ya faɗo warwas, ya ce kayan jabu ne alhali shi ya yi kuskuren oda.

Alhaji Nafi'u: To mu dawo kan yadi. Turmin atamfa, bandir na shadda, leshi, dila da ba a kwance ba.

Injiniya Sagir: Auduga busasshiya tana daga cikin abin da UHF ya fi so, rediyon yana ratsa ta kamar babu. Atamfa da shadda ba su da laifi. Laifin yana wurare huɗu.

Sitikar kamfani mai ruwan zinare ko azurfa da ke kan turmi, yawancinta da ɗan ƙarfe-ƙarfe a jikinta. In aka ɗora tag a kanta ko dab da ita, ya kurumce. A ba shi tazarar yatsa uku zuwa huɗu, ko a kai shi ɗaya gefen ninkin. Leshi da yadi mai zaren ƙyalli su ma haka: in zaren roba ne mai sheƙi ba komai, in mai ƙarfe ne to tag ɗin rataye ake yi masa, da ɗan zare, ya yi lilo a waje, ba liƙawa ba.

Sai jeri. In yaran shago suka jera turmi hamsin, kowane tag a daidai kan na ƙasansa kamar an dasa su da igiya, eriyoyin suna shiga junansu, na tsakiya su yi shiru. Kaurin turmi yakan ba da 'yar tazara, amma ƙananan kaya kamar mayafi da hula sai an riƙa sauya gefe. Sai kuma kanta ta ƙarfe da ƙasan siminti: turmin da ya kwanta kai tsaye a kansu shi ne wanda za a rasa a ƙirga. Katako ko kwali mai kauri a ƙasa yana maganin wannan.

Dila da aka matse aka ɗaure da ƙarfe, kada a yi tsammanin karanta abin da ke cikinta ɗaya-ɗaya, tunda ma ba a sa musu tag daga masana'anta ba. Tag ɗaya a jikin dila, nesa da maɗaurin, ya wadatar har ranar kwancewa.

Hajiya Bilkisu: Ina so in taka wa Injiniya birki kaɗan. Duk wannan gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Rida ba ta san atamfa ba, lamba kawai take gani, haruffa 24 na lissafin kwamfuta, wato bit 96. In ba a ɗaura wannan lambar da sunan kaya, launi, yadi nawa, kuɗin saye da siton da yake ciki ba, an sayi abin wasa ne mai tsada. Kuma shagon da littafinsa bai daidaita ba tun da biro, RFID ba za ta daidaita shi ba, za ta dai nuna ɓarnar da sauri.

Ga inda ake yawan faɗuwa. Ana sayar da yadi uku daga bandir, tag yana nan, manhaja tana cewa bandir cikakke ne. Ana ba dillali turmi biyar ya kai wa baƙo ya gani a masauki, ba a rubuta ba, gobe ƙirga ta nuna sata. Ana sayar da kaya, mai saye ya ajiye a shagon zuwa yamma, a ƙirga da shi. Kuma shagunan Kwari bango ɗaya ne tsakaninsu, wani ma katako: in maƙwabci ya sa tag, ridar za ta kwaso nasa. Dole manhajar ta san farkon lambar kowane shago ta watsar da saura. Manhajar da aka rubuta don kantin Turai ba ta san bashi ba, ba ta san "ajiye mini" ba, ba ta san kayan da aka karɓo daga shagon ɗan'uwa don a cika wa mai saye ba. Wannan kam ba mai rubuta mana shi daga waje.

Mubarak: Hajiya, ni ɗalibi ne, a yi mini afuwa. Ba kowane tag ne yake zuwa da lambarsa daban daga masana'anta ba? Me ya sa sai an sake rubutawa?

Hajiya Bilkisu: Ma'ajiyar cip ɗin UHF ɗaki huɗu ce, Mubarak. Akwai TID, lambar da mai ƙera cip ya ƙona a ciki, ba ta goguwa, yawanci da E2 take farawa. Akwai EPC, ita ce ake rubutawa, kuma ita rida take fara ji. Akwai ɗakin kalmomin sirri guda biyu, na kullewa da na kashewa, kowanne bit 32. Sai ɗakin ƙarin bayani, wanda wasu cip ɗin ma ba su da shi. Wasu naɗin sitika suna zuwa da EPC iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ka liƙa dubu rida ta ce maka ɗaya ta gani. Shi ya sa ake rubutawa.

Bayan an rubuta a kulle. Kalmar sirrin da suke zuwa da ita sifili takwas ce. In aka bar ta haka, duk mai rida a aljihu zai iya sauya lambar shadda mai tsada ta koma ta mai araha, ko ya rubuta kalmar kashewa ya kashe tag ɗin har abada. Kuma a riƙa adana TID tare da EPC a rumbun bayanai, don EPC ana kwafarta, TID kuwa da wuya. Wanda kayansa za su fita waje ko su shiga manyan kantuna, ya yi rajista da GS1, ƙungiyar da ke raba lambobin kaya ta duniya, ya karɓi lambar kamfani, ta Najeriya da 615 take farawa. Wanda a sitonsa kawai zai yi amfani, tsarin lambarsa na gida ya isa, in dai ba ya maimaitawa.

Alhaji Nafi'u: Kuɗi fa? Ɗan kasuwa ba ya jin karatu sai ya ga lissafi.

Malam Auwalu: Sitikar UHF a sari mai yawa 'yan santi ne na dala, ba ta kai santi goma ba. Farashin naira kuwa yana bin canji, don haka mu yi misali kawai. A ce ta iso Kano, an buga, an liƙa, ta tashi naira 150. A kan turmin dubu ashirin, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, turmi ɗaya da ya ɓace ya biya tag 130 da 'yan kai. A kan sabulun naira 300 kuwa rabin kuɗin kayan ne, hauka ke nan. Shi ya sa nake cewa masu tallata abin nan a kasuwar Singer su yi hattara. Ga arahar kaya ɗaya-ɗaya, ga gwangwanin tumatir da madara, ga jarkar mai, ga leda mai ruwan azurfa a ciki. Ƙarfe da ruwa ne kasuwar gaba ɗaya. A can bakod ko QR a jikin katan ya fi, kuma kusan kyauta ne. Ko magani ma, tsarin bin sawu da NAFDAC ta ɗauka na lambar zane ce ta GS1 da ake bugawa a kwali, ba RFID ba, don haka masu tunanin kasuwar magani ta Dangwauro su san da wannan.

Kayan farawa na sito ɗaya: rida ta hannu guda mai Android, irin su Chainway C72, ko Zebra RFD40 da ake haɗawa da wayar Android, sitika dubu biyu zuwa biyar, da manhaja. Firinta mai rubuta cip ba dole ba ce a farko, ana iya rubutawa da ridar hannu, sai dai a rage mata ƙarfi sosai a kuma nisanta sauran naɗin, in ba haka ba ta rubuta a kan na kusa da wanda ake nufi.

Injiniya Sagir: Masu son kafa rida a ƙofar sito su ji wannan, don nan ne aikin yake komawa na gwani. Waya tsakanin rida da eriya tana shan ƙarfi. Siririyar nan RG58 tana cinye kusan rabin desibel, wato ma'aunin ƙarfin rediyo, a kowace mita a wannan zangon, mita shida rabin ƙarfin ya tafi tun bai kai eriya ba. LMR-400 mai kauri ba ta cin ko kashi ɗaya cikin uku na hakan. Mai aiki ya sayi rida mai tsada ya ja mata wayar araha mita goma, sannan a zo ana zagin rida, an bar jaki ana dukan taiki.

Eriya a ɗauki mai zagayen zango, wadda ba ruwanta da yadda tag ya kwanta, don ɗan dako ba zai tsaya daidaita maka kaya ba. Biyu a kowane gefen ƙofa, ɗaya daidai ƙugu ɗaya sama da kai, saboda a kai ake ɗaukar dila a nan. Jikin mutum ruwa ne, in tag ya faɗa tsakanin kaya da bayan ɗan dako ba zai karantu ba. Kada kuma a buɗe ƙarfi har ƙarshe. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da rediyon, sai ka ga ƙofa tana karanta kayan da ke kwance a lungu tana cewa sun fita. A fara daga ƙasa, desibel 20 misali, a riƙa ƙarawa har a kama abin da ke wucewa kawai. Wuta kuma: rida da ke ƙofa in ta mutu minti biyar lokacin sauya janareta, duk abin da ya wuce a minti biyar ɗin ya wuce ke nan. Batir da inbata ba ado ba ne a wannan aikin.

Alhaji Nafi'u: Na gamsu da ta farko. Ta biyun fa? Har yanzu duk abin da kuka lissafa sunan kamfanin waje nake ji.

Injiniya Sagir: Cip dai a cire rai, Alhaji. Kamfanoni ƙalilan ne a duniya suke riƙe da shi, a UHF manyan su ne Impinj ta Seattle a Amurka da NXP, kuma ko su ba kowa ne yake gasa shi a gidansa ba. Mataki na biyu shi ne ɗora cip a kan eriya: eriyar alminiyam ce a kan leda siririya, cip ɗin kamar ƙwayar yashi, inji ne yake ɗora shi da gam mai ɗaukar wuta, dubbai a awa. Injin irin na Mühlbauer ta Jamus ne, kuma ba ya biyan kansa sai ana fitar da miliyoyi ba tsayawa. Wannan ma ba yanzu ba.

Daga mataki na uku ne ƙofa take buɗe. A sayo wannan ledar mai cip a naɗe, a rufa mata takarda da gam, a yanka daidai girman da ake so, a buga suna, a rubuta lamba, a gwada. Masu buga lakabi da kwali a Bompai da Sharada rabin sana'ar tana hannunsu. Masu narka roba kuma su ne za su yi gidan tag: ɗan kunnen dabba, maƙalin makulli, abin ɗaura wa buhu, hatimin kwantena don masu aiki da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. Kano ta daɗe da masana'antun roba, wannan ba baƙon aiki ba ne. Sai kafawa, gyara, da manhaja, waɗanda dole a nan za a yi su.

Malam Auwalu: Masu shiga yankan sitikar su san yanayin garinmu. Lokacin hunturu iska tana bushewa ƙarƙaf, leda tana gogar leda a kan inji, wutar nan da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota ta taru ta kashe cip, ido ba ya gani. Ɗakin aiki yana son laima kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, da sandar sauke wannan wutar a kan inji, ma'aikata kuma da abin wuyan hannu da aka haɗa da ƙasa. Abin matsewa in ya yi tsanani yana fasa cip. Gam ma a zaɓa: na roba mai narkewa yana sakin jiki a zafin Afrilu cikin sito mai rufin kwano, akirilik ya fi jurewa. Takardar da ake bugawa da zafi kai tsaye, irin ta rasit ɗin POS, wata kaɗan rubutun ya dushe, sai dai mai ribon. Kuma kowane naɗi a bi shi da rida kafin ya fita, matattun a yi musu baƙin tabo. Wanda ya sayar wa Alhaji naɗi mai matattu talatin a cikin dubu, ba zai sake ganin kuɗinsa ba.

Malam Habibu: Ina bin ku tun ɗazu, kuma ban yarda cewa wannan ya isa a kira shi masana'anta ba. Ku dubi inda abin ya kafu da gaske. A Ostiriya, kusa da birnin Graz, akwai ɗan gari Gratkorn. Wani ƙaramin kamfani, Mikron, shi ya fito da katin MIFARE a 1994 don biyan kuɗin mota. Philips ta saye shi a 1995, sashen ya koma NXP a 2006, kuma har yau a can suke zana cip ɗin irin wannan. Infineon tana da cibiyar bincike a Graz, ga jami'ar fasaha a garin tana ba su injiniyoyi. Ilimin zana cip ne ya tara su wuri ɗaya. Mu kuwa muna maganar yanka takarda.

Hajiya Bilkisu: Malam Habibu, misalin Graz gaskiya ne amma ba shi kaɗai ne hanya ba. Sin ba da zana cip ta fara yin ƙarfi ba, da mai saye ta fara. Daga 2004 gwamnatinsu ta shiga raba katin ɗan ƙasa mai cip na 13.56 ga jama'arta, ɗaruruwan miliyoyi, masana'antu suka taso don cika wannan odar, daga baya suka juya suna sayar wa duniya. A Amurka ma babban kamfanin kantuna Walmart ce a 2003 ta ce manyan masu kawo mata kaya ɗari su sa tag a katan da fale-falen ɗora kaya kafin Janairun 2005. Abin ya yi ta tangal-tangal, tag ya yi tsada a lokacin, amma shi ya tura aka kammala ƙa'idar tag ɗin UHF mai suna Gen2 a ƙarshen 2004, wadda har yau ita kowa yake bi. Ko a gida, Legas tana da masana'antar kati irin SecureID ne saboda bankuna da kamfanonin waya suna can suna oda, ga katin Cowry na motocin BRT. Tambayar da ta dace da Kano ita ce: wane ne babban mai sayen da zai ce daga yau sai da tag?

Malam Habibu: To ai kin dawo kan maganata ta wata ƙofa. Kwari dubban shaguna ne, kowa sarkin kansa. Babu Walmart a Kwari.

Alhaji Nafi'u: Babu, amma akwai manyan diloli da kwantenoninsu ke sauka duk wata, kuma ƙananan shaguna daga hannunsu suke ɗauka. In biyar daga cikinsu suka sa masana'antar da ke yi musu kaya ta liƙo tag tun daga can, saura za su tarar da shi a jikin kaya ba su biya ba. Sai dai fa wannan yana nufin a Sin za a liƙa, ba a Sharada ba.

Injiniya Sagir: Wannan ita ce gaskiyar da ba a so a ji. Kayan da aka ƙera a waje, tag ɗinsa a waje ya fi araha. Rabon Kano yana kan abin da daga nan yake tashi: fata daga Challawa, riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau, takalma, da dabbobi.

Dakta Rabi: Tunda an ambaci dabbobi. A nan ne nake ganin oda mai yawa za ta iya fitowa, amma da sauran rina a kaba. Ƙa'idar dabbobi ISO 11784 da 11785 ce, kilohaz 134.2, lamba 15. Ukun farko lambar ƙasa ce ko ta kamfanin da ya ƙera, ta Najeriya 566. A kula, ana sayar da ɗan kunne mai cip na 125 da araha, kamanninsu ɗaya, amma sandar karatu ta dabbobi ba lallai ta gan shi ba, kuma babu tsarin ƙasa da zai karɓe shi. Iri biyu ne a cikin ƙa'idar, FDX-B da HDX, a sayi sandar da ke karanta duka biyun.

Wajen sawa, a tsakiyar kunne ake hudawa, tsakanin jijiyoyin guringuntsi biyu. In aka yi can baki, ƙaya ko igiya ta fizge shi kunnen ya tsage. In aka matsa kusa da kai, wurin ya matse ya yi ƙurji, ƙuda ya samu wurin zama. A tsoma bakin abin hudawa a maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin dabba da dabba, a kuma tabbata maɓallin yana juyawa bayan an ɗana.

Maganar sata kuwa, kada a yaudari makiyayi. Ɓarawo da reza yake cire ɗan kunne cikin daƙiƙa. Abin da ba ya ciruwa shi ne dunƙulen tangaran da ake ɗura wa saniya ta baki ya zauna a cikinta har ranar yanka. Botswana da shi ta fara saboda naman da take kai wa Turai, daga baya ta koma ɗan kunne, don ɗurawa da karantawa sai jami'i ya zo, abin ya yi nauyi. Kuma ba a ɗura wa ɗan maraƙi ƙarami. Dawakan hawan sallah nasu daban ne, ƙwayar gilashi kamar ƙwayar shinkafa ake sa musu da allura a gefen hagu na wuya.

Duk wannan ba shi da amfani in babu mai karantawa a kasuwar Wudil ranar Juma'a, da Dambatta, da mayanka, da wurin lodin tirela zuwa kudu. Lambar da ba a tambayar ta a wajen ciniki ado ce kawai.

Malam Habibu: Kuma Dakta, makiyayi in ya ji gwamnati na son sanin adadin shanunsa, jangali ne zai faɗo masa a rai. Tun zamanin Abubakar Rimi aka soke shi a Kano, amma ba a manta ba.

Dakta Rabi: Shi ya sa ba ta ƙirga ake shiga ba, ta rigakafi ake shiga, da masu kiwon turka da masu tara madara, waɗanda su da kansu suke son sanin wace saniya aka yi wa allura yaushe, wace ce take ba da lita nawa. Yanzu da aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, in har aka wajabta lamba, roƙona ɗaya ne: robar a narka ta a nan. Amma sai an yi ta da irin robar da ke jure rana, mai laushi, lambar kuma a ƙona ta da leza. Robar bokiti in ta sha rana shekara guda ƙandarewa take yi ta karye.

Mubarak: Mu da muke koyo da ƙaramar rida RC522 da allon Arduino a makaranta, ta ina za mu shiga? Kusan kowa aikin kammala karatunsa katin ɗaukar sunan ɗalibai ne.

Malam Auwalu: Ku fara da daina abin da ake yi yanzu. Yawancin waɗannan ayyukan lambar jikin kati kawai suke karantawa su buɗe ƙofa, kuma ana sayar da katin da ake sauya wa wannan lambar. Katin 125 irin EM4100 ba shi da sirri ko kaɗan, ana kwafe shi a kan katin T5577 da 'yar na'urar da ba ta kai girman waya ba. MIFARE Classic kuma tun 2008 masu bincike suka fasa sirrinsa, ga shi da yawa ko makullin masana'anta, harafin F sau goma sha biyu, ba sa sauyawa. Makarantar da ta sa kuɗin abincin yara a cikin irin wannan katin ta buɗe wa kanta ƙofa. In kuɗi ne ko ƙofa mai muhimmanci, a sa kati irin DESFire EV2 ko EV3 mai tsarin sirri na AES, kuma lissafin kuɗin ya zauna a rumbun bayanai, ba a jikin kati ba. Ko Babban Banki da ya fitar da ƙa'idar biya ta ɗora kati a 2023 sai da ya sa iyaka, naira 15,000 a ciniki ɗaya, 50,000 a rana, abin da ya haura sai da lambar sirri. RC522 ba zai kai ku nan ba, ku nemi rida irin PN532, sannan ku haɗa kuɗi ku sayi ƙaramar rida ta UHF guda, don masu iya saita eriya a ƙofa su ne babu a garin nan.

Alhaji Nafi'u: To a ba ni yadda za a gwada ba tare da an zuba kuɗi a rijiya ba.

Hajiya Bilkisu: Sito ɗaya, kaya iri ɗaya mai tsada, misali shadda, guda 500. A nemi samfurin sitika iri uku daga mai sayarwa, a liƙa kowane iri a kan guda ashirin, a jera su yadda yara suka saba jerawa, ba yadda mai talla yake so ba, a ga wanne ne ba ya ɓacewa. A ƙirga da hannu ranar farko, mutum biyu, kowa daban. Daga nan kullum bayan la'asar a zagaya da rida, duk Asabar a sake ƙirgawa da hannu a gwama, har sati huɗu. Duk guda da rida ta rasa a nemo shi a rubuta inda aka same shi da yadda ya kwanta. In a sati na huɗu har yanzu ana rasa fiye da biyar a cikin 500, kada a ƙara ko kwabo sai an gano dalili.

Injiniya Sagir: Kuma mai riƙe ridar kada ya zama yaron da makullin siton yake hannunsa.